Wasiƙa Zuwa ga Auta Kan Littafin da Zai Riƙe a Hanyar Gana

Zariya,
Daren Juma'a.

Ƙanena Auta,

Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, bautar ƙasa kuma tana zuwa ƙarshe lami lafiya. Mu nan duka lafiya lau, sai godiyar Allah. Hajiya tana gaishe ka, ƙafar da take kuka da ita ta yi sauƙi sosai. Mutan gidana da yara ma suna miƙo gaisuwa.

Saƙonka ya iso ni tare da hotunan littattafan nan uku da ka gani wurin mai sayar da tsofaffin littattafai. Ka ce da ɗan abin da ka tara daga alawus kana so ka bi hanyar ƙasa daga Legas, ka ratsa Kwatano da Lome, ka shiga Gana ta Aflao, ka haura har Tamale da Salaga kafin ka dawo ka shiga neman aiki. Wannan niyya ta burge ni, kuma ina bayanka. Ka ce kuɗin littafi ɗaya kacal za ka iya cirewa, ga kuma uku a gabanka: na Lonely Planet da ya haɗa Afirka ta Yamma, na Rough Guides shi ma na Afirka ta Yamma, sai na Bradt da ya tsaya kan Gana kaɗai. Amsata a taƙaice ita ce ka ɗauki na Bradt, muddin shekarar bugunsa ba ta yi nisa ba. Amma ba na so ka saya don kawai Yaya ya ce. So nake ka iya auna irin waɗannan littattafai da kanka, domin wata rana za ka tsaya gaban na wata ƙasa, ni kuma ba na kusa.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne, duk mai rubuta littafin jagora akwai matafiyin da yake hange a ransa yana rubutun. Ya san fasfon da ke aljihun wannan matafiyi, ya san irin kuɗin da yake riƙe da su, da abin da yake ci, da abin da ke ba shi tsoro. Tarihin littattafan ma haka ya nuna. Arthur Frommer ya yi aikin soja na Amurka a Turai, a 1957 ya fitar da littafin da ke koya wa Ba'amurke zagaya Turai da dalar Amurka 5 a rana. Tony Wheeler da matarsa Maureen sun tashi daga Landan a 1972, suka ratsa Asiya ta ƙasa har Ostireliya, suka isa aljihu wayam. Yawan tambayar da mutane ke yi musu ya sa suka haɗa ɗan littafi a 1973, daga nan Lonely Planet ya samo asali. A shekarar ce kuma Philippe Gloaguen ya fara Le Routard a Faransa. Hilary Bradt da mijinta na lokacin, George, sun rubuta nasu na farko a 1974 kan hanyoyin ƙafa na Peru da Bolibiya. Mark Ellingham ya fara Rough Guides a 1982 da littafi kan Girka, don yana son wanda zai haɗa lissafin araha da tarihin wuri a bango ɗaya.

Ka ga ke nan dukansu masu ƙaramin guzuri ne, shi ya sa nake ganin girman aikinsu. Sai dai samari da 'yan matan Turai da Amurka da Ostireliya suke rubuta wa. Wanda ake kira mai ƙaramin ƙarfi a Landan, idan ya sauka Akra da fam a aljihu, ya fi ƙarfin mai riƙe da naira nesa ba kusa ba. Wannan bambanci tsoho ne. A Amurka, zamanin da wariyar launin fata ke hana baƙaƙe kwana da cin abinci a wurare da dama, wani ma'aikacin gidan waya mai suna Victor Hugo Green ya fara buga littafin jagora a 1936, yana jera masaukai da gidajen abinci da gidajen mai da za su karɓi baƙar fata. An yi ta buga shi har tsakiyar shekarun 1960. Titin ɗaya ne, taswirar ɗaya ce, amma da mai tafiyar ya bambanta sai littafin ya bambanta. Saboda haka duk shafin da ka buɗe ka tambayi kanka, wannan maganar da ni ake yi, ko da wani?

To, bari mu zo kan awo. Na farko shi ne shekara. Kada kyan bango ya ruɗe ka. Nemi shafin da ake rubuta bugu na nawa ne da shekararsa da ƙananan haruffa, galibi a farkon littafi ko a ƙarshensa. Idan ka gani, ka ƙara ja da baya da kamar shekara guda a ranka, domin marubucin ya taka ƙasar watanni da yawa kafin littafin ya fito daga maɗaba'a. Ka ɗauko min hoton wannan shafi na kowane ɗaya kafin ka biya ko kwabo.

Idan shafin ya yage, kamar yadda akan samu a tsofaffin littattafai, Gana da kanta za ta gaya maka shekarun littafin. A watan Yulin 2007 ƙasar ta sauya kuɗinta, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1. Littafin da ke cewa kwanon abinci sidi dubu kaza ne, ya riga wannan sauyi. A 2015 aka gama kwaltar hanyar Fufulso zuwa Sawla, wadda ke bi ta Damongo da Larabanga. Littafin da ke tsoratar da kai da ramuka da ƙurar hanyar zuwa gandun dajin Mole, kafin kwaltar aka rubuta shi. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta Disambar 2018 yankunan mulkin ƙasar suka tashi daga 10 zuwa 16. Yanzu Mole da Larabanga da Salaga duka suna yankin Savannah mai hedikwata a Damongo, don haka wanda ya sa su a yankin Arewa tsoho ne. Sannan ka duba babin Akra ka ga ko ya ambaci babban masallacin ƙasa da ke Kanda, mai ginin salon Turkiyya, wanda aka buɗe a Yulin 2021. Da waɗannan huɗun za ka iya ƙiyasta shekarun kowane littafi kan Gana kana tsaye gaban mai sayarwa.

Abu biyu ne ke saurin lalacewa a littafin jagora: farashi da labarin tsaro. Littafin Frommer da ya fara da dala 5 a rana, kafin a daina buga shi a 2007 lambar da ke bangonsa ta kai 95. A Gana hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari a ƙarshen 2022, mu kuma ka san yadda darajar naira ta faɗi tun watan Yunin 2023. Saboda haka kada ka gina lissafinka kan lambar da ke shafi. Abin da ba ya saurin sauyawa shi ne tazarar da ke tsakanin farashi da farashi. Masaukin da ya kasance rabin kuɗin maƙwabcinsa shekaru biyar da suka wuce, mai yiwuwa har yau haka yake. Da ka shiga ƙasar, ka kwatanta kuɗin motar farko da ka biya da abin da littafi ya faɗa, ka ga ninki nawa ne, sai ka riƙa ninka sauran farashin da wannan. A Binin da Togo abin ya fi sauƙi, domin sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 kan yuro ɗaya, farashinsu ba ya gudu irin namu.

Tsaro kuwa kada ka ɗauke shi daga takarda ko kaɗan. Littafin da aka rubuta kafin 2012 zai tura ka Tumbutu da ƙasar Dogon hankali kwance, zai kuma yaba maka dazuzzukan arewacin Binin, alhali a shekarun nan hare-hare sun iso arewacin Binin da na Togo. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS a Janairun 2025. Wannan labari rediyo da direbobin hanya ne za su ba ka na ranar. Hanyar bakin teku da ka zaɓa ita ce daidai, kada wani babi mai daɗin karatu ya sa ka karkata.

Awo na biyu shi ne faɗi da zurfi. Na Lonely Planet ya tattara ƙasashe kusan ashirin a bango ɗaya. Amfaninsa a bayyane yake: tsari mai kyau, taswirorin manyan birane masu sauƙin bi, da bayanin ƙetare iyaka daga wannan ƙasa zuwa waccan. Ga wanda zai tashi daga Dakar ya bi har Yawunde, babu kamarsa. Amma kai ƙasa ɗaya za ka daɗe a ciki, biyun ratsawa kawai za ka yi. Za ka biya kuɗin ƙasashen da ba za ka je ba, ka goya nauyinsu a jaka, Gana kuma ta samu ɗan rabonta, inda ƙananan garuruwa da wuya su sami fiye da layi kaɗan.

Na Rough Guides, wanda Jim Hudgens da Richard Trillo suka rubuta, ya fara fitowa a 1990, bugunsa na biyar kuma a 2008. Littafi ne mai nauyin ilimi. Abin da ya faɗa kan tarihi da kaɗe-kaɗe da harsuna da marubutan kowace ƙasa bai tsufa ba, kuma da wuya ka karanta babi ka tashi ba ka ƙaru ba. Sai dai ko sabon cikinsu ne a hannun mai littattafan, ya haura shekara goma sha biyar, masaukai da yawa sun rufe, tashoshi sun tashi daga inda suke. Na karantawa ne a gida kafin tafiya. Idan mai littattafan ya bar maka shi da araha bayan ka sayi ɗayan, ka ɗauka mu ajiye.

Na Bradt kuwa Philip Briggs ne ya rubuta shi, ya fara fitowa a 1998, an kuma yi ta sabunta shi. Mutumin ya rubuta irinsa kan Habasha da Uganda da Tanzaniya, kuma al'adar kamfanin ce su bi ƙasashen da manyan kamfanoni ba su cika damuwa da su ba. Har Najeriya da Nijar suna da nasu littafi a wurinsu. Abin da ya sa na fifita shi shi ne yana shiga ƙananan garuruwa, yana gaya maka inda motocin hayar da ake kira trotro ke lodi, yana kuma jera masaukai tun daga na masu hali har zuwa na ƙasa. Muryar mutum ɗaya kake ji, idan wuri bai yi masa ba yakan faɗa. Aibinsa shi ne rubutu ya yi yawa, hoto kaɗan, taswirorin ba su kai na Lonely Planet kyan gani ba, kuma akan ɗauki shekaru tsakanin bugu da bugu.

Kada ka tsaya kan maganata, ka jarraba su a wurin. Buɗe jerin sunayen da ke ƙarshen kowane littafi ka nemi Salaga, da Damongo, da Yeji, da Kete Krachi. Kowa ya iya rubutu kan Akra da Kumasi, a ƙaramin gari ake gane wanda ya je da ƙafarsa. Idan ka sami garin, ka karanta sashen yadda ake zuwa, ka ga ko ya amsa tambaya huɗu: a wace tasha ake shiga mota, da wane lokaci motar farko ke tashi, awa nawa ake yi, ina mutum zai kwana idan dare ya yi masa. Sannan ka duba rukunin masaukai mafi araha. Guda nawa ya lissafa? Ya faɗi ko akwai fanka, ko ruwa na zuwa, ko banɗakin na haɗaka ne? Wanda ya kwana a ɗaki shi ke sanin waɗannan. Daga ƙarshe ka nemi wuri ɗaya da littafin ya kushe. Idan ka juya shafi ashirin kowane otal madalla ne, kowane abinci sai wanda ya ci, to ka yi hattara da shi.

Nan ne maganar talla ke shigowa. Petit Futé na Faransa, wanda aka fara a 1976, yana da littafi daban kan Binin, daban kan Togo, kuma yana da bayanai masu amfani ga mai jin Faransanci, amma za ka ga tallace-tallacen otal a cikinsa, sai ka karanta yabon da wannan a ranka. Masu takarda mai sheƙi da hotuna irin na DK kuwa, don ido aka yi su da kuma mai yawo a manyan biranen Turai. Ga kwana biyu ko uku da za ka yi tsakanin Kwatano da Lome ba ka bukatar littafi na musamman. Ka roƙi mai littattafan ya bar ka ka zauna da na Lonely Planet, ka kwafi abin da kake so a ɗan littafin rubutu: kasuwar Dantokpa, 'yan acaɓar Kwatano masu rigar ɗorawa da ake kira zemijan, hanyar zuwa Wida da Ganbiye, iyakar Hilakonji, da kuma cewa iyakar Aflao a jikin birnin Lome take. Wanda ka sayi littafi a hannunsa ba zai hana ka wannan ba.

Yanzu bari in gaya maka abin da ko mafi kyan cikinsu bai sani ba game da kai. Shafukan biza duka ka tsallake su, ba naka ba ne. A ƙarƙashin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ɗan ƙasa mamba yana shiga wata ya zauna har kwana 90 ba biza. Abin da kake bukata shi ne fasfo mai rai da katin rigakafin shawara, kuma ka yi allurar da gaske, aƙalla kwana goma kafin ka tashi. Daga Legas zuwa Akra bai kai kilomita 500 ba, amma iyaka uku ce, kowace da ɓangaren fita da na shiga. Ka tabbata an buga maka hatimi a kowane. Littafi zai gaya maka yadda Bature ke wucewa, bai san cewa sabon fasfonmu da ba a taɓa buga wa hatimi ba yakan jawo ƙarin tambaya da neman na goro ba. Manyan motocin da ke tashi daga Legas kai tsaye zuwa Akra sun fi tsada, amma ma'aikatansu ke tattara fasfo su bi da shi. Yankan hanya da ƙananan motoci ya fi araha, sai dai kai za ka tsaya gaban kowane teburi. Tunda kana so ka tsaya a Kwatano da Lome, shawarata ita ce ka je a yanke, ka dawo da babbar mota lokacin da gajiya ta taru.

Haka batun kuɗi. Littafin ya ɗauka kana da dala da katin banki mai aiki ko'ina. Ka tambayi bankinka tukuna, kuma ko sun ce katin zai yi aiki, ka riƙe tsabar kuɗi ka raba su wuri biyu a jikinka. 'Yan canji suna nan a kowace iyaka, da yawansu Hausa suke yi. Ka tambayi mutum biyu ko uku, ka ƙirga naka a hannu kafin ka miƙa. Idan ɗan kasuwa Bahaushe a ƙasar sefa ya ce maka dala ɗari, sefa 500 yake nufi, domin dala a lissafinsu sefa 5 ce. A Gana kuma za ka iya haɗuwa da dattijon da har yau yake kiran farashi da tsohon sidi, ka tambaya kafin ka firgita. Wuraren ziyara irin su gidan bayi na Cape Coast, da na Elmina wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, da gadar saman itatuwa ta Kakum, suna da farashi biyu, na ɗan Gana da na baƙo. Kai a layin baƙi kake duk da fatarka, don haka a nan lambar littafin ta shafe ka. Ka ware musu kuɗi tun daga gida, domin ba wuraren da za a je bakin ƙofa a juyo ba ne.

Masaukin da littafi ya yaba yakan cika da masu riƙe da littafin, farashinsa kuma ya hau. Ka yi amfani da shi don gane unguwar da masaukai masu sauƙi suke, sannan ka zaga layin baya inda 'yan kasuwa da direbobi ke sauka. Ka ga ɗakin da idonka kafin ka biya, ka murɗa famfo, ka gwada makulli. Amma Auta, araha tana da iyaka. Kada ka yi tsumulmular kuɗin ruwan sha mai tsabta, ko gidan sauro, ko ka bi motar dare don gudun kuɗin kwana. Abin da za ka rage bai kai kuɗin kwana ɗaya a asibiti ba.

Za ka ga shafuka masu yawa kan mashaya da bakin ruwa, ka ga kaɗan kan abin da zai dame ka kullum, wato inda za ka yi salla da inda za ka ci abinci hankali kwance. A nan kai ka fi marubucin gata. A Nima ta Akra, da Aboabo ta Kumasi, da cikin Tamale, masallaci ba ya nisa, da safe ga koko da ƙosai, da rana ga wace, shinkafa da waken nan nasu, da dare ga tuwo. A ƙananan gidajen abinci na kudu ka tambayi naman me ne kafin a zuba. A Larabanga, tsohon masallacin ƙasa mai farin fenti da ake cewa tun 1421 yake, littafi zai gaya wa mai karatunsa cewa wanda ba Musulmi ba daga waje yake tsayawa. Kai kuwa sai ka gaida masu kula da shi, ka nemi izini, ka yi alwala. A Mole ka bi shawarar littafin: yawon ƙafa da safe tare da ma'aikacin daji mai bindiga ya fi hayar mota sauƙin kuɗi, kuma akan ga giwaye.

Ka kuma sani hanyar nan ba baƙuwarmu ba ce. Fataken Kano da Katsina sun yi ta bin ta Yawuri da Borgu da Sansanin Mango da Yendi zuwa Gwanja, suna kai kanwa da tufafi da fatu, suna dawowa da goro, tafiyar watanni. Kowane ayari yana da madugu, yana da jagaba mai shiga gaba ya san mashaya da mafaka, kuma idan an sauka a zango akwai maigidan da zai ba baƙo masauki ya haɗa shi da masu saye. Littafin da za ka saya aikin jagaba zai yi maka, ya nuna hanya ya faɗi nisa. Aikin maigida kuwa har gobe mutane ke yin sa, da ɗan gari akan ci gari. Duk garin da ka sauka ka nemi masallacin zango, ka gaida liman da dattawa, ka faɗi daga ina kake da abin da ya kawo ka. Tambaya ɗaya a nan za ta gyara maka abin da shekaru suka ɓata a littafi. Sai dai ka je da mutunci. Kada ka ɗora wa kowa nauyin ciyar da kai don an yi maka fara'a, ka biya kuɗin ɗakinka, ka riƙe ɗan tsaraba ko da dabino ne ko turare.

Salaga ita ce inda nake so ka fi natsuwa. Can Malam Umaru, haifaffen Kano, ya zauna yana karantarwa. Yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, daga baya ya koma Kete Krachi ya zama limami, ya rasu a 1934 ya bar rubuce-rubuce da waƙoƙi da Larabci da Hausa. Littattafan jagora ba su cika tsayawa kan irin wannan ba, dattawan gari ne za su ba ka. Amma akwai abin da littafin zai nuna maka wanda bai kamata ka kau da kai ba: Salaga kasuwar bayi ce babba, ba ta goro kaɗai ba, rijiyoyin da ake dangantawa da wancan zamani suna nan. Idan ka tsaya a kurkukun Cape Coast zuciyarka ta karaya, ka tsaya a Salaga ma da irin wannan zuciya, domin cinikin ya ratsa ta hannun mutanen yankinmu. Littafin kirki yakan gaya wa matafiyi abin da ba zai so ji ba, wannan ma awo ne.

Idan ka saya, kada ka ajiye shi sai ranar tafiya. Ka karanta babin Gana da fensir a hannu, ka ja layi, ka fitar da hanyarka a takarda ɗaya: gari, kwana nawa, kuɗin mota, kuɗin ɗaki, kuɗin ci. Ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar don abin da ba a shirya ba, ka kuma ware kuɗin komowa gida wanda ba za ka taɓa ba ko me ya faru. Ka sauke taswirar garuruwan a wayarka tun kana inda intanet ke da ƙarfi. Waya za ta ba ka labarin yau, littafi zai ba ka tsarin ƙasar gaba ɗaya, kuma shi caji ba ya ƙare masa a tsakiyar hanyar Kintampo.

Roƙona gare ka ɗaya ne. Ɗan littafin rubutun nan da za ka kwafi bayanin Kwatano a ciki, ka ci gaba da cika shi kullum da dare. Ka rubuta sunan tasha, da kuɗin da ka biya da kwanan wata, da abin da aka tambaye ka a kowace iyaka, da masallacin da ka yi Juma'a, da inda ka ci ka ƙoshi da kuɗi kaɗan. Ka rubuta da Hausa, yadda ɗan kasuwar Kwari ko ɗalibin da bai taɓa ƙetare iyaka ba zai karanta ya gane. Da yawa daga cikin waɗanda na lissafa maka a sama da irin wannan suka fara, matasa ne da suka yi tafiya suka rubuta abin da suka gani. Mutanenmu suna bin hanyar nan kullum, kowa na koyon darasinsa da kuɗinsa, ya dawo da shi a ka. Idan ka dawo da naka a rubuce, ni na ɗauki nauyin buga shi a kwamfuta mu raba wa masu niyya.

Na yi wa Hajiya maganar tafiyar, ta amince, da sharaɗin za ka kira ta duk garin da ka sauka kafin magariba. Ka kira ta da kanka ka nemi albarkarta kafin ka sayi tikiti. Zan turo maka ɗan abin da ya sawwaƙa ƙarshen wata, ka haɗa da shi ka yi allurar shawara ka sayi gidan sauro. Allah ya tsare hanya, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa tafiyar ta zame maka ilimi mai amfani, ya dawo mana da kai lafiya. Ka gaida abokan bautar ƙasarka da maigidan da kake zaune wurinsa.

Wassalam.

Naka har kullum,
Yayanka.